Kiɗan ƙasa-ƙasa a wuraren aiki da tarukan kasuwanci

Kiɗan ƙasa-ƙasa shi ne sautin da ake saki a hankali a ofis, otal, kanti ko zauren taro, ba don a zauna a saurare shi ba, sai don ya gyara yanayin wurin. Galibi babu muryar mawaƙi a cikinsa, kayan kiɗa ne zalla irin su fiyano da jita.

A Amurka aka mayar da shi sana'a. George Owen Squier, wani janar na soja masanin sadarwa, shi ya ƙirƙiro hanyar aika kiɗa ta wayoyin lantarki, kuma a 1934 kamfanin da ya tsiro daga wannan aiki ya ɗauki sunan Muzak. A shekarun 1940 kamfanin ya riƙa tsara kiɗan kashi-kashi na minti 15, kowane kashi ya fara da sanyi ya ƙare da kuzari, sannan a yi shiru, domin a kori kasala daga jikin ma'aikata. A Birtaniya ma BBC ta fara shirin Music While You Work a 1940 saboda ma'aikatan masana'antu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka ci gaba da shi har 1967. Wanda ya taɓa ganin yadda gangar noma ke zaburar da samari a gayya ba zai yi mamakin wannan dabara ba.

A 1982 wani mai bincike, Ronald Milliman, ya wallafa gwajin da ya yi a wani babban kanti, inda ya gano cewa kiɗa mai sanyi na sa masu sayayya su rage sauri, ciniki kuma ya ƙaru da kusan kashi 38 cikin ɗari idan aka kwatanta da kiɗa mai sauri. Sai dai taro ba kanti ba ne, wuri ne da ake buƙatar kunne da tunani. Binciken Pierre Salamé da Alan Baddeley na 1989 ya nuna cewa kiɗa mai waƙa ya fi kiɗa zalla hana mutum riƙe abu a ka.

Shi ya sa amfaninsa ya fi fitowa a gefen taro. Da safe, mahalarta na shigowa ɗai-ɗai, baƙi biyu sun tsaya gaban teburin shayi kowa riƙe da kofi, a shiru sai kunya ta hana su magana, amma ɗan sauti na rufa wa hirarsu asiri har su saki jiki. Haka ma lokacin hutu. Ma'aunin ƙara mai sauƙi ne: idan sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, ya yi yawa. Da zarar shugaban taro ya karɓi lasifika, ana rage kiɗan sannu a hankali har ya ɓace. Ya kamata mai shirya taro ya tuna cewa akwai mahalartan da ba sa sauraren kiɗa saboda addini, kuma a ƙasashe da dama sakinsa a bainar jama'a na buƙatar lasisin haƙƙin mallaka.