Rage wa manyan bishiyoyi rassa a gidan gajiyayyu: ga amsa nan, dan Allah a daina kirana da dare

Tun da na tsaya aka rage rassan bishiyoyin wani gidan gajiyayyu a nan wajenmu wayata ba ta huta ba, masu kula da gidan tsofaffi, masu gidan marayu, har da wata Hajiya da ke jinyar mahaifinta a gida, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. To ga su nan na haɗa.

Wane lokaci ya fi?

Rani. Daga ƙarshen hunturu zuwa Afrilu, kafin guguwar farkon damina ta zo ta yi muku aikin da kanta a kan kwanon ɗaki. Busasshen reshe kuwa ba shi da lokaci, yau ka gan shi yau ka sauke shi.

Me zai hana a yi wa bishiyar ƙwal-ƙwal gaba ɗaya a huta?

Wannan ita ce tambayar da ke ɓata min rai wallahi. Ku tafi ku kalli darbejiyar da aka datse wa kai shekara biyu ko uku da suka wuce, za ku ga ta fito da tsirrai fal kamar tsintsiya, dogaye, sun fi na da duhu. Waɗannan sababbin rassan a bayan itacen kawai suke maƙale, ba su da tushe a cikin zuciyarsa irin reshen asali, ga wurin da aka datse ruwa na shiga yana ruɓewa, gara na bi. Wato ka kashe kuɗi ka sayi hatsarin da ya fi wanda ka gudu. Sannan ku tuna su wa ke zaune a gidan. A watan Afrilu zafi a Kano ko Sakkwato yana haura digiri 40, ka cire wa tsoho mai hawan jini inuwar da yake wuni a ciki ka tura shi ɗakin kwano, kana cewa lafiyarsa kake nema? Haba.

To nawa za a rage?

Kar ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a shekara guda. Tsohuwar bishiya ma ƙasa da haka. Sauran a bari sai baɗi.

Ɗakunan sun yi duhu, ya za a yi haske ya shiga?

Ba daga sama ake nemo haske ba, daga ƙasa ne. A cire rassan ƙasa da suka rufe taga, da waɗanda ke gogar juna a tsakiya, da wanda ke kwance a kan kwano yana tara ganye yana toshe indararo. Za ku yi mamakin yadda rassa huɗu ko biyar ke sauya ɗaki. Idon tsoho yana buƙatar haske fiye da naka, kuma in rana na taɓa dandamali zai riƙa bushewa, ba gansakuka ba santsi, don ni a sanina zamewa a jiƙaƙƙen siminti ta fi faɗowar reshe kai tsofaffi asibiti.

A shafa baƙin mai ko fenti a inda aka yanke?

A'a. Bar shi haka, ita ta san yadda take rufe ciwonta.

Akwai wata tsohuwar ceɗiya a tsakar gidan, tana da kogo a gindi, ta ɗan karkata wajen ɗakin kwana, amma nan tsofaffin ke zama. A sare ko a bari?

To nan ne ba zan ba ka amsa ɗaya ba, kuma duk wanda ya ba ka amsa ta waya bai ga bishiyar ba, kar ka saurare shi, har da ni. Kogo shi kaɗai ba hukuncin kisa ba ne, bishiya na iya zama da rami a ciki shekaru da yawa in dai naman da ya kewaye ramin mai kauri ne kuma lafiyayye, ƙarfinta yawanci a wajen yake. Karkata ma haka, in tun tana ƙarama ta tashi a karkace tana neman rana to saiwarta ta saba da nauyin. Abin tsoro shi ne karkatar da ta zo daga baya. Ka tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ko mai gadi, haka take tun da? Ka zaga bayanta, ɓangaren da ba ta kwanta ba, ka duba ko ƙasa ta ɗaga ko ta tsage, in ta ɗaga saiwa ce ke barin ƙasa, wannan kam a kwashe mutane daga ɗakin yau ba gobe ba. Ka duba naman kaza a gindi, ka duba tsaga a inda manyan rassa biyu suka rabu musamman in mahaɗar tasu matsattsiya ce, ka buga gindin da ƙotar gatari ka ji ko yana amsa kamar ganga ta ko'ina. Ka kuma tambaya ko an haƙa kwata ko harsashin gini kusa da ita an yanke saiwoyi, don sau da yawa mu ne muke jawo abin sannan mu ɗora wa iska laifi.

In ba ka ga ko ɗaya ba, ni dai da ni ne zan rage nauyin ɓangaren da ya kwanta kan ɗakin, kaɗan bana kaɗan baɗi, a matsar da benci da tabarma zuwa ɗaya gefen, a hana zama ƙarƙashinta in hadari ya taso, a sake dubawa bayan kowace babbar iska. Amma fa ya danganta da irin itacen. Da tsamiya ce hankalina ya fi kwanciya, itacenta na da tauri. Da turare ne, wanda ke yar da reshe ko ba iska, ga shi dogo a kan ɗakin mutanen da ba sa iya gudu, ba zan yi dogon tunani ba. Ka samo ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukumarku ya zo ya gani da idonsa, da ma kafin a kayar da babbar bishiya gara a bi ta wajensu. In ya ce ta tafi, kar ka damu kanka, ba zalunci ka yi ba, ka dasa wasu a madadinta nesa da gini.

Mai faskare ya ce zai yi kyauta a ba shi itacen.

Wanda ladansa itace ne, reshen da ya fi kauri zai sare, ba wanda ya kamata ba. Biya mutum kuɗin aikinsa, itacen ku sayar daban.

Ya ake sauke babban reshe?

Yanka uku, da zarto ba gatari ba. Na farko ta ƙasa, ɗan nesa da jiki, kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu ta sama, gaba da shi kaɗan, reshen ya faɗi bai yage ɓawo ba. Na uku a cire guntun a bakin kumburin nan da ke gindin reshe, kar a shafe kumburin. In a kan ɗaki yake, a ɗaure da igiya a sauke guntu-guntu.

Reshe ya shiga wayar wuta fa?

Kar ka taɓa, kar yaronka ya taɓa. Ɗanyen itace na ɗaukar wutar lantarki. Ku je ofishin kamfanin wuta su kashe layin tukuna.

Tsofaffin sai an fitar da su ranar aiki?

Eh mana, wannan ma sai an tambaya? A mayar da su ɗaya ɓangaren gidan, a kewaye wurin da igiya, a sa mutum ɗaya aikinsa kawai tsaro, don akwai mai ruɗewa da zai taso neman tabarmarsa daidai lokacin da reshe ke saukowa. Kuma kafin kowa ya hau a leƙa kogo da kwana ɗaya, mu ranar namu sai da aka ɗaga aikin saboda ƙudan zuma ne cike a ciki.