Eksosom a Cututtukan Lalacewar Ƙwaƙwalwa

Eksosom wani mitsitsin ƙunshi ne da ƙwayar halitta ke ɗaurewa a cikinta ta fitar da shi waje, ɗauke da furotin da maiƙo da guntayen RNA, wato sinadarin da ke ɗauke da saƙon umarnin ƙwaya. Girmansa nanomita 30 zuwa 150 ne, sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Kusan kowace ƙwaya a jiki na yin sa, har da ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa da masu yi musu hidima. Ya sha bamban da ƙunshin da ke bakin mahaɗar jijiyoyi, wanda ke zazzage sinadarinsa a nan take, fatarsa ta koma gida. Shi eksosom da fatarsa yake tafiya, kamar ƙullin yaji da aka ba yaro ya kai wata unguwa.

Tarihi

Ana yawan faro labarin daga 1967, lokacin da Peter Wolf a Ingila ya ga wasu ɓurɓushi a jini ya kira su ƙurar ƙwayoyin daskarar jini. A 1983 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Kanada, suka gano yadda jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa ke zubar da furotin da suka gama amfani da shi a cikin irin wannan ƙunshi. Rose Johnstone ta Jami'ar McGill, wadda ta yi aikinta da jinin tumaki, ita ake jingina wa kafuwar sunan a wajajen 1987, ko da yake kalmar ta ɗan girmi haka.

Shekaru da dama kallon kwandon shara aka yi masa, kuma wannan raini ya jinkirta fagen ƙwarai. A 1996 Graça Raposo da abokan aikinta suka nuna cewa ƙunshin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke fitarwa na iya zaburar da wasu ƙwayoyin. A 2007 masu bincike a Suwidin, ƙarƙashin Jan Lötvall, suka nuna yana ɗaukar RNA daga wannan ƙwaya zuwa waccan, wadda ta karɓa kuma ta yi aiki da shi. Daga nan abin da ake ce wa shara ya koma wasiƙa.

Yadda yake shiga cuta

Cutar Alzheimer mai kawo mantuwa da ta Parkinson mai kawo karkarwa sun yi tarayya a abu guda: wani furotin yana naɗewa a karkace, ya dunƙule, ya kuma sa lafiyayyu irinsa su karkace. A Alzheimer amiloid-beta ne da tau. A Parkinson, alfa-sinukilin. A 1991 Heiko da Eva Braak suka nuna cewa dunƙulen tau ba barkatai yake bazuwa ba, daga sashen ajiye tunani yake farawa ya bi layi zuwa sauran ƙwaƙwalwa. Tambayar da ta rage ita ce: wa ke ɗaukarsa daga ƙwaya zuwa ƙwaya?

An fara zargin eksosom a 2004, da aka same shi a Faransa ɗauke da firayon, furotin da ke haddasa haukar shanu. A 2006 aka ga amiloid-beta a cikinsa a Jamus, a 2010 kuma alfa-sinukilin a Girka. Gwajin da ya fi ɗaukar hankali an yi shi a Boston a 2015: da aka rage maikurogiliya, wato masu sharar ƙwaƙwalwa, a jikin ɓeraye, ko aka hana yin eksosom, sai yaɗuwar tau ta ragu sosai. Ke nan mai sharar na iya kwashe dattin wani gida ya zube shi a ƙofar maƙwabci.

Masana ba su daidaita ba. Wasu na ganin ƙunshin na taimakawa ne wajen kwashe amiloid, wasu kuma na cewa yawancin furotin ɗin a tsirara yake fita. Galibin shaidar daga ɓeraye da ƙwayoyin ɗakin gwaji take.

Gwaji da magani

Fatan da ake yi shi ne a tsamo ƙunshin ƙwaƙwalwa daga jinin hannu a karanta abin da ke ciki. Alamar da aka fi dogara da ita wajen gane ƙunshin da ya fito daga ƙwaƙwalwa, wani furotin mai suna L1CAM, ta shiga takaddama a 2021. A 2011 kuma an yi amfani da eksosom a Oxford wajen kai magani ƙwaƙwalwar ɓera. Har yanzu bai zama magani ga mutane ba.

A Zariya

A gida ba a cewa Alzheimer, gigin tsufa ake cewa. Tsohuwa ta idar da azahar, bayan ɗan lokaci ta tambayi jikarta ko an kira salla. Dattijo na zaune yatsunsa na motsi kamar mai jan carbi alhali babu carbi a hannunsa, irin karkarwar Parkinson. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sammu, a daɗe ana rubutu da hayaƙi kafin a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A can likita ya fi dogara da labarin da iyali suka bayar, da gwajin tunani, da hoton ƙwaƙwalwa ga mai hali. Tace eksosom kuwa galibi na bukatar injin da ke wulwula jini da ƙarfin da ya kai ninki 100,000 na ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi, sa'o'i a jere ba tare da wuta ta ɗauke ba.