Waiwaye: Gidan Abu Ali, uba a gidan gwamnatin Bauchi, ɗa a Malam Fatori

Idan aka ambaci Abu Ali a Bauchi, shekarun mai sauraro ne za su nuna wanda ya zo masa a rai. Wanda ya haura hamsin zai tuna Kanar ɗin da ya riƙe jihar daga 1990 zuwa farkon 1992. Matashi kuwa zai tuna kwamandan tankokin yaƙi da 'yan Boko Haram suka kashe a 2016. Uba da ɗa ne, kaki ɗaya suka sa, amma aikin sojan da kowannensu ya tarar daban ne.

A zamanin uban, hafsan da ya kai muƙamin Laftanar Kanar ko Kanar yana iya wayar gari ya ji sunansa a rediyo an ba shi jiha. Haka Bauchi ta saba tun da Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro ta ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi. Mohammed Kaliel ne ya fara, Garba Duba ya biyo baya, aka ɗan sarara da mulkin farar hula na Abubakar Tatari Ali daga 1979 zuwa 1983, sannan sojoji suka dawo: Sani Sami, Chris Garuba, Joshua Madaki. Abu Ali, ɗan ƙabilar Bassa-Nge daga yankin da yau yake cikin jihar Kogi, shi ne ya karɓa daga Madaki a mulkin Janar Ibrahim Babangida. Lokacin Gombe tana cikin Bauchi, ba ta zama jiha ba sai ranar 1 ga Oktoban 1996, don haka mutanen Dukku da Kaltungo da Billiri duk gwamnansu ne.

Mulkin nasa bai kai shekara biyu ba, amma ya haɗu da abin da har yau ba a gama warware shi ba. A watan Afrilun 1991 rikici ya ɓarke a Tafawa Ɓalewa tsakanin Sayawa da Hausa-Fulani, kan saɓanin da ya faro daga mahauta da cinikin nama, alhali ainihin ciwon tsohuwar taƙaddamar sarauta da mallakar gari ce. Wutar ta tsallako har cikin garin Bauchi, aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Babalakin, maganar masarautar Sayawa kuma ta ci gaba da bin gwamnonin da suka zo bayansa ɗaya bayan ɗaya. A wannan shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists. A Janairun 1992 ya miƙa mulki ga Dahiru Mohammed Deba, ya koma bariki. Ya yi ritaya yana Birgediya Janar, daga baya ya zama Etsu na Bassa-Nge, kamar yadda Sani Sami ya ajiye kaki ya zama Sarkin Zuru. Tsani ne da aka sani: bariki, gidan gwamnati, sannan rawani.

Ɗan nasa, Muhammad, an haife shi a 1980, yana da shekara goma sa'ad da aka naɗa mahaifinsa gwamna. Ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna a 1998, shekarar da Janar Sani Abacha ya rasu. Kafin ya fito da anininsa a 2003, an riga an rufe waccan ƙofar. Mulki ya koma hannun farar hula a 1999, Obasanjo kuma yana hawa ya sallami hafsoshin da suka taɓa riƙe muƙaman siyasa. Hafsan da ya fito bayan nan ba shi da gidan gwamnatin da zai yi mafarkinsa. Abin da ke gabansa kwas, canjin wurin aiki, da fagen daga.

Sashen tankoki da motoci masu sulke aka tura shi, kuma nan ma Bauchi ta sake shigowa cikin labarin gidan, domin a garin ne hedikwatar wannan sashe da makarantarsa suke. Aikin cikin tanka ba na kallo ba ne. Mutum uku ne a cikin tanka samfurin T-72, direba da mai harbi da kwamanda, a matse cikin ƙarfe, ga zafin Borno, ga ƙura, ga nakiyar da aka binne a hanya wadda ba ta san muƙami ba. Kwamandan da ke son ganin gabansa sosai kan leƙo da kansa waje, shi ya sa ake yawan rasa su.

A farkon Janairun 2015 Boko Haram ta ƙwace Baga, ta kori sojoji daga sansaninsu, ta yi kisan da ya girgiza duniya. Cikin Fabrairu sojoji suka dawo da sababbin tankoki suka karɓe Monguno da Baga, kuma a nan ne sunan Manjo Abu Ali ya fito. A Satumbar wannan shekarar, babban hafsan sojan ƙasa Tukur Buratai ya je Gamboru Ngala ya liƙa masa muƙamin Laftanar Kanar kafin lokacinsa ya yi. Sojoji na ce masa Sarkin Yaƙi. A ganina wannan laƙabin ya fi muƙamin nauyi, don ƙananan sojoji ba sa rowar zagin hafsan da ke tura su gaba shi yana baya, ba kuma sa saurin yabo.

Ya ci gaba da jagorancin bataliya ta 272 ta tankoki. Daren 4 ga Nuwamban 2016, mayaƙan suka kai hari Malam Fatori, hedikwatar ƙaramar hukumar Abadam da ke bakin iyakar Nijar, aka kashe shi tare da wasu sojojinsa, yana da shekara 36. An binne su a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja. Mahaifinsa yana kan gadon sarauta lokacin, shi aka je yi wa ta'aziyya. Ya bar mata da ƙananan 'ya'ya. Allah Ya jiƙansa da rahama.