Zayyanar Littattafan Hannu a Italiya: Zinariya a Kan Fata

Me ake nufi da zayyanar littafi?

Kafin injin buga littafi ya shiga Italiya a 1465, da hannu ake rubuta kowane littafi. Marubuci zai bar gurbi a farkon babi da gefen shafi, sai mai zayyana ya cike shi da babban harafi, furanni da ƙananan hotuna. Wanda ya san zayyanar Alƙur'ani ya san irin haƙurin da aikin yake ci, sai dai na Italiya har da siffofin mutane.

Da me suke aiki?

Akasari fatar ɗan maraƙi, tunkiya ko akuya suke kankarewa ta yi laushi. Zinariya kuwa bugunta ake yi har ta fi bawon albasa sirantaka, a manna ta, a goge da haƙorin dabba sai ta ɗauki ido. Launi da farin ƙwai ko ƙaro ake kwaɓa shi. Shuɗin da ya fi tsada daga dutsen lazuli na Badakshan a Afganistan ake niƙo shi, ya iso ta kasuwar Venis.

Su wa ke biyan kuɗin?

Da farko gidajen ibadar Kirista ne, irin Monte Cassino a ƙarni na 11. Daga baya jami'ar Bologna ta buɗe kasuwar littattafan shari'a, sana'ar ta fito gari. A ƙarni na 15 sarakuna suka shiga gasa. Borso d'Este na Ferrara ya sa Taddeo Crivelli da Franco dei Russi suka zayyana masa Baibul mai juzu'i biyu daga 1455 zuwa 1461. Littafin yana birnin Modena har yau.

Wanne ne ya fi ban sha'awa?

A ganina, naɗaɗɗun fatun Exultet na kudancin Italiya, masu ɗauke da waƙar yabo da ake rerawa a coci a daren Ista. Hotunansu a juye suke da rubutun. Mai karatu yana bisa mumbari yana warware fatar tana saukowa gaban jama'a, su kuma suna ganin hotunan a miƙe. An yi tunanin wanda bai iya karatu ba tun wajen zanen.

Injin bugawa ya kashe sana'ar?

Ba nan take ba. Mai zayyana Giulio Clovio ya kammala littafin addu'o'in Kadinal Farnese, wani babban limamin cocin Katolika, a 1546. Ɓarnar da ta fi ciwo ta zo ne bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, lokacin da aka riƙa yanke hotuna daga littattafan waƙoƙin coci ana sayarwa. A 1825 an yi gwanjon irin waɗannan yankakkun hotuna a Landan, daga tarin Luigi Celotti, wani dillalin kayan zane.