Wai mece ce "manhaja" da ake ta ƙaddamarwa?

Kwanakin nan duk tashar da ka murɗa sai ka ji an ƙaddamar da manhaja: ta haraji, ta ɗaukar aiki, ta rabon taki. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce wadda na ji wani jami'i yana alfahari da ita a rediyo, wai sun sayo manhajar da "za ta riƙa gyara na'urorin ɗakin gwaje-gwaje". Mai gabatarwa ya ce madalla, aka wuce. Ni da na kwashe shekaru a ɗakin gwajin jini da majina, maganar ta hana ni sakat.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a bakinmu. Daga Larabci muka aro ta, manhaj ko minhaj, wato hanya bayyananniya da ake bi. Tana ma cikin Suratul Ma'ida, aya ta 48. Kafin zuwan wayar hannu, a hannun malaman makaranta take. Idan hedimasta ya ce "manhajar aji uku", yana nufin abin da za a koyar mako bayan mako, daga zangon farko zuwa na ƙarshe. Duk wanda ya fara ɗora wannan suna a kan jerin umarnin da kwamfuta ke bi, ya iya zaɓe. Sai dai a tuna, manhajar makaranta ba ta taɓa ɗaukar alli ta shiga aji ba. Malami ne ke bin ta, in ya yi fashi kuma tana nan a durowa tana shan ƙura. Ta kwamfuta ma haka take.

A ɗakin gwaji akwai manhaja iri biyu da ake yawan cakuɗawa. Ɗaya, wadda ake kira LIMS, jinin majiyyaci take bi tun daga ɗiba har fitowar sakamako. Ɗayar kuwa na'urar kanta take bi, kamar katin asibitinta: wane kamfani ya ƙera ta, lambarta, ranar da ta iso, yaushe aka yi mata sabis, yaushe aka daidaita awonta, me ya taɓa lalacewa, wa ya taɓa ta. Ƙa'idar ISO 15189, wadda ake auna ɗakunan gwajin asibiti da ita, ta wajabta ajiye waɗannan bayanai, ko a takarda ko a kwamfuta.

Ɗauki GeneXpert, na'urar gano tarin fuka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajinta a 2010, wadda yanzu ke asibitocinmu da dama. Ana son a duba awon rukunanta, wato gurbobin da ake saka abin gwaji a ciki, duk shekara, kuma ba ta son zafin ɗaki ya haura digiri 30. To ka kawo ta Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe mata matatar iska. Abin da manhaja za ta iya shi ne ta ce maka lokacin duba awo ya yi, ta nuna maka cewa rukuni na biyu ya ba da kuskure iri ɗaya sau da yawa a wata guda. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, don sau da yawa na'ura ba ta mutuwa farat ɗaya, tana ta yin ishara ne babu mai lura. Amma share matata, kunna na'urar sanyaya ɗaki, sayen man janareta, kiran injiniya da biyansa, duk suna wuyan mutum da kasafin kuɗi.

Ɓangaren da ya fi damuna shi ne wanda ba a ambata ko kaɗan a rediyo, wato ilimin da ke kan ma'aikata. A inda na fara aiki akwai wani dattijo da muke kira Baba, yana da littafin rubutu mai bango ja ɗaure da kyauro a jikin firijin ajiye jini. A ciki ya rubuta irin su: in injin juya jini ya fara rawa, duba ko kwalaben sun yi daidai da juna kafin ka kira kowa. In wuta ta dawo, jira minti biyar kafin ka kunna. Wannan littafi, a wurina, manhaja ce cikakkiya, don kowa na bin sa kuma kowa na ƙara nasa. Manhajar kwamfuta mai kyau tana da gurbin wannan, inda za a liƙa hoton kuskuren da yadda aka warware shi, ta yadda wanda ke aikin dare zai gani a wayarsa.

Da Baba ya yi ritaya aka kawo mana ta kwamfuta, aka yi mana horon kwana biyu, aka ba mutum ɗaya kalmar sirri. Bayan an yi masa canjin wurin aiki babu wanda ya sake shiga. Littafin kuwa an kwashe shi da tsofaffin takardu ranar fenti. Wata uku bayan haka injin juya jini ya fara rawa, muka rufe shi da zane muka zauna jiran injiniya har mako biyu, ya zo ya sauya wa kwalba ɗaya wuri.