Kai yara kallon opera da labarin bikin Verona: amsoshin tambayoyin da iyaye suka ƙi gajiya da yi

Duk shekara da watan Yuni ya kama, tambayoyin nan sai su dawo kamar damina. Yawancinsu daga iyayen da ke zaune a Italiya da Jamus da Ingila suke fitowa, ko dai makaranta ta ce za a kai yara kallo, ko an ga tallar bikin opera na birnin Verona da ke Italiya a tashar jirgin ƙasa. Ga amsoshin a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai mece ce opera ɗin ma tukuna?

Wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa maimakon a yi shi da magana, makaɗa na zaune a gaban dandamali suna raka mawaƙa. A Italiya aka haife ta wajen shekarar 1600. Orfeo ta Monteverdi, wadda aka fara yi a Mantua a 1607, ita ce mafi tsufa da har yau ake yawan maimaitawa. Iyakarta ke nan.

Yaron da ba ya jin Italiyanci zai fahimci wani abu kuwa?

Malam, kai Indiyanci kake ji da ka tashi kana kallon finafinan Indiya har ƙarshe? Labarin ka bi, da fuskoki, da kiɗa. Haka opera take. Su kansu Italiyawa ba kowace kalma suke kamawa ba idan murya ta yi sama. Aikinka shi ne ka ba yaron labarin a gida tun kafin ranar, kamar tatsuniya, cikin minti biyar: wane ne ke son wa, wane ne mugu, me zai faru a ƙarshe. E, har ƙarshen. A opera sanin ƙarshe ba ya ɓata kallo, rashin saninsa ne ke sa yaro ya dame ka da "Baba me ya ce?" kowane minti biyu.

Me ya sa suke ihu haka?

Ba ihu ba ne. An horar da su ne su rera ba tare da makirufo ba, muryar mutum ɗaya ta ratsa ƙarar makaɗa sittin ko fiye ta isa kujerar ƙarshe. Ka koya wa yaro sunaye uku kawai: sofrano, muryar mace mafi siranta, teno, muryar namiji mai tashi sama, wadda galibi ita ce ta saurayin labarin, da bas, mai kauri, ta sarki ko liman ko tsoho. Sauran zai tsinta da kansa.

Ina bikin Verona ya samo asali?

Filin da ake yinsa, wanda ake kira Arena, ya girmi opera da shekara fiye da dubu da ɗari biyar. Rumawa ne suka gina shi a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, don kallon faɗan mayaƙa da na namun daji, kuma an ƙiyasta yana ɗaukar mutum kusan dubu talatin a wancan zamani. Girgizar ƙasa ta 1117 ta rushe kusan duk katangar waje. Abin da ya rage daga cikinta shi ne ɗan ɓangaren nan mai tsawo da ke tsaye shi kaɗai a gefe, wanda mutanen gari ke kira fiffike. Nuna wa yaro shi, don yara sun fi riƙe irin wannan fiye da sunan mawaƙi.

Bikin kansa ya fara ne ranar 10 ga Agusta 1913. Shekarar ce Giuseppe Verdi, wanda ya tsara opera mai suna Aida, zai cika ɗari da haihuwa, sai wani mawaƙi ɗan garin, Giovanni Zenatello, da abokin aikinsa Ottone Rovato suka yi kasadar shirya Aida a sararin Allah, ba rufi, Tullio Serafin na jagorantar makaɗa. Abin ya karɓu har ya zama al'ada. Yaƙin duniya na farko ya dakatar da shi, na biyu ma haka, shi ya sa sai a 2023 aka yi karo na ɗari, ko da yake shekarun sun haura ɗari da tara. A nan ne shahararriyar mawaƙiya Maria Callas ta fara fitowa a Italiya a 1947, ba wanda ya san ta. Ana yin bikin daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Satumba, kuma har yau Aida ce uwar gida: ba opera da aka yi a filin nan sau da yawa kamarta.

To da Aida za a fara wa yaro ke nan?

A'a. Shahara daban, dacewa daban. A fara da mai ban dariya ko mai tatsuniya, kuma gajera. Hansel da Gretel ta Humperdinck, ta 1893, labarin yara biyu ne da mayya a daji, ba ta kai awa biyu ba. Sarewar sihiri ta Mozart, ta 1791, tana da maciji da mai kama tsuntsaye, kuma gidajen opera da yawa a Jamus da Austriya suna yin gajeren salonta na yara mai kamar awa ɗaya. Wanzamin Seville ta Rossini, ta 1816, barkwanci ce zalla.

Waɗanda za a ajiye sai ya girma: Tosca, akwai azabtarwa da kisa, Carmen, ana daɓa mata wuƙa a ƙarshe, Madama Butterfly, uwa ce ke kashe kanta ɗanta na kusa. Kada daɗin kiɗan ya ruɗe ka. Karanta taƙaitaccen labarin kafin ka sayi tikiti, ba bayan yaro ya fara kuka ba.

Ɗana shekararsa bakwai. In kai shi Arena ko in bari?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya ce maka "e" ko "a'a" kai tsaye bai san ɗanka ba. Ga abubuwan da za ka auna.

Na farko lokaci, kuma shi ne babba. Ba a fara wasa sai duhu ya soma, wajen ƙarfe tara na dare ko kaɗan bayan haka. Aida kashi huɗu ce, kiɗanta kaɗai ya kai awa biyu da rabi, idan ka haɗa da hutu da canjin kayan dandamali za ka tarar an wuce sha biyu, wani lokaci har kusan ƙarfe ɗaya. Yaron da ya saba kwanciya ƙarfe takwas ba zai kai ba, ko da waƙar ta fi zuma. Idan zai yarda ya yi barcin rana awa biyu a ranar, akwai fata. Idan kuwa irin wanda barci ke mayar da shi rigimamme ne, to bari sai ya kai tara ko goma. Ga gwaji mai sauƙi: saka masa minti arba'in na opera a gida, ba waya a hannu, ba tashi. In ya jure, wataƙila. In bai jure ba, kuɗinka ya huta. Kuma ka duba mafi ƙarancin shekarun da aka yarda a shiga da su a shafin sayar da tikiti, don ba a shiga da jarirai da ƙananan yara.

Na biyu wurin zama. Kujeru iri biyu ne a taƙaice: na ƙasa a tsakiyar fili, masu tsada, da matakalan dutse da suka kewaye filin, masu araha. Mutane sukan ɗauka mai tsada ta fi wa yaro. Ba lallai ba ne. A ƙasa fili a shimfiɗe yake, idan dogon mutum ya zauna gabansa ƙeya kawai zai kalla har a tashi. A matakala yana ganin komai daga sama, kuma jama'ar wurin sun fi haƙuri da motsin yaro. Amma dutsen yakan sha rana ya riƙe zafi har dare, ba wurin jingina baya, matakalan kuma suna da tsayi ga gajerun ƙafafu. Ku tafi da matashi ko ku karɓi na haya a can. Ku nemi wuri kusa da ƙofar fita, ba tsakiyar layi ba, saboda banɗaki. Idan tikitinku na sashen da ba lamba ne, sai an zo da wuri.

Na uku kaya: ruwa a ƙaramar gorar roba, ba kwalba ba, rigar sanyi mara nauyi, don bayan sha ɗaya iska kan sauya, rigar ruwa, da ɗan madubin hangen nesa, wanda shi kaɗai yakan riƙe hankalin yaro rabin awa. A ci abinci a ƙoshi kafin shiga. Masu sallah su lura cewa a ƙarshen Yuni da farkon Yuli rana na faɗuwa a Verona wajen ƙarfe tara, wato magariba na shiga ne daidai lokacin da ake neman wurin zama, sai a tsara tun daga gida.

Shawarar da nake bayarwa, kuma ban ce dole ba ce: idan Aida ce, ku je da niyyar tashi bayan kashi na biyu. A nan ne ake bikin dawowar mayaƙa da nasara, dandamali ya cika da ɗaruruwan mutane, ana busa dogayen ƙahonin nan guda shida da Verdi ya sa aka ƙera musamman. Yaron da ya taɓa jin kakaki a hawan sallah zai juyo ya kalle ka, don sun yi kama sosai. Bayan nan labarin sai ƙara duhu yake yi, har a rufe Radames, masoyin Aida, da rai a ƙarƙashin ƙasa, Aida ta mutu tare da shi. Wasu yaran ba ruwansu, wasu kuwa mako guda suna mafarkinsa. Kai ka san naka.

Ba asara ba ce a biya kuɗi a tafi a rabi?

Asara ita ce ka danne yaro awa huɗu ya tashi ya tsani abin har abada. Hajiya, kwantar da hankalinki, ba wanda zai harare ki don kin fita lokacin hutu.

Idan aka yi ruwa fa?

Ko yayyafi aka fara makaɗa za su tashi da gudu, don goge da sauran kayan kiɗan katako ba sa shiri da ruwa, kuma wasunsu sun fi mota tsada. Ana jira, idan ya ɗauke a ci gaba, dare ya ƙara tsawo. Sharaɗin mayar da kuɗi yana rubuce a ƙa'idar tikiti, kuma ya danganta da ko an fara wasan ko ba a fara ba. Karanta shi kafin ka biya, kar ka zo kana faɗa da mai gadin ƙofa.

Kyandir ɗin da ake gani a hotuna na mene ne?

Al'ada ce daga zamanin da filin ba shi da isasshen haske. A da 'yan kallo kan kunna ƙananan kyandir kafin a fara. Idan kun tarar ana yi, kai ka riƙe, ba yaron ba, kakin na ɗiga.

An ce Aida 'yar Afirka ce. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, a labarin 'yar sarkin Habasha ce da aka kama aka kai bauta Masar, kuma a Alƙahira aka fara nuna opera ɗin, ranar 24 ga Disamba 1871. Ka shirya wa wata tambaya daga yaron. Shekaru da yawa akan shafa wa farar mawaƙiya baƙin fenti don ta fito a matsayin Aida, kuma a 2022 hakan ya jawo ce-ce-ku-ce a Verona har mawaƙiya Angel Blue, baƙar fata 'yar Amurka, ta janye daga bikin. Idan ya gani ya tambaya, ka gaya masa gaskiya: tsohuwar al'ada ce, mutane da yawa suna ganin cin fuska ce, gidajen opera da dama sun daina.

Halal ne ko haram?

Wannan ta malaminka ce. Ni tambayar tikiti da matashi nake amsawa.

Sai an sa kwat?

A matakala, a'a. Kaya masu tsabta da takalmi mara tsini. A kujerun ƙasa ana so a yi shiga ta mutunci, kuma kaftani ko atamfa sun wadatar.

Mu da ba ma Turai fa?

Akwai OperaVision a YouTube, kyauta, da cikakkun wasanni da fassara a ƙasan allo. Kada ka saka awa uku a zama ɗaya. Minti goma yau, minti goma gobe, ka tsayar ka tambaye shi wa yake jin zai yi nasara. Idan tafiya ta kai ku Alƙahira, akwai gidan opera da aka buɗe a 1988, bayan tsohon ya ƙone a 1971.

Yaushe ake tafa hannu?

Idan ka ji sauran mutane sun fara. Kar ka riga su.