Kare sana'a daga sauyin zamani

Kare sana'a daga sauyin zamani shi ne tanadin da mutum yake yi tun yana kan aikinsa, don kada ranar da wata na'ura, ko wata doka, ko juyawar kasuwa za ta rage darajar abin da ya iya, ta same shi hannu rabbana. Tanadin ya ƙunshi ƙaro ilimi, da koyon wani aikin da ke maƙwabtaka da wanda ake yi, da riƙe jama'a, da ajiye abin da zai ɗauki gida idan aiki ya tsaya. Maganar ta ƙara zafi tun da manhajar ChatGPT ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, mutane suka ga na'ura tana rubuta wasiƙa tana fassara, amma fargabar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Asalin fargabar

Tsakanin 1811 da 1816 masu saƙa a Ingila, musamman a yankin Nottingham da Yorkshire da Lancashire, sun riƙa shiga masana'antu da dare suna farfasa injina. Ba jahilai ba ne, ƙwararru ne da suka shafe shekaru suna koyon saƙa, sai suka wayi gari ana ɗaukar wanda bai koyi komai ba, a tsayar da shi gaban inji a biya shi kaɗan. A 1812 majalisar ƙasar ta mayar da fasa inji laifin kisa, an kuma rataye wasu daga cikinsu. Masaƙun Ingila sun bunƙasa daga baya har suka ɗauki ma'aikata fiye da na da, sai dai waɗanda suka ci moriyar ba su ne waɗanda aka karya ba. A 1930 masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yi rubutu a kan rashin aikin da fasaha ke haddasawa, ya ɗauke shi a matsayin ciwo mai wucewa. Ga ƙasa yana iya wucewa. Ga magidanci mai shekara hamsin da aka sallama, sau da yawa ba ya wucewa.

Abin da na'ura take ɗauka

A 2003 David Autor da Frank Levy da Richard Murnane suka fitar da binciken da ya sauya yadda ake kallon batun. Sun ce kowace sana'a tarin ƙananan ayyuka ce, kuma kwamfuta tana ɗaukar waɗanda ake maimaitawa bisa ƙa'ida sananniya, kamar lissafin albashi, jera takardu, ko ɗaura noti ɗaya sau dubu a rana. Abin da ke neman hukunci, ko lallashi, ko hannu a wurin da ba a tsara ba, ya fi mata wuya.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na kashiyan banki. An kafa na'urar cire kuɗi ta farko a reshen bankin Barclays da ke Enfield a Landan a watan Yunin 1967. Da ta yaɗu a Amurka, kowa ya ɗauka kashiya ya gama yawo. Masani James Bessen ya nuna cewa tsakanin 1988 da 2004 yawan kashiyoyin da reshe ɗaya ke buƙata a birane ya sauko daga kusan 20 zuwa 13, amma da buɗe reshe ya yi arha, bankuna suka ƙara rassa, jimillar kashiyoyi ba ta ragu ba. Aikin ne ya canza kama: ƙirgen kuɗi ya ragu, sauraron matsalar kwastoma da tallata masa asusu da rance suka ƙaru. Kashiyan da ya iya magana da mutane ya tsira, wanda saurin ƙirga kaɗai ya iya ya shiga wani hali. Sai bayan 2010, da hada-hadar banki ta koma cikin waya, yawansu ya fara raguwa sosai. Akwai kuma sana'o'in da suka tafi ɗungurungum, irin su masu haɗa layin tarho da hannu da masu buga tafireta a ofisoshi.

Wannan bambanci na sana'a da ayyukan cikinta shi ya sa alƙaluman masana suke saɓawa. A 2013 Carl Frey da Michael Osborne na Jami'ar Oxford suka auna sana'o'i 702, suka ce kashi 47 cikin ɗari na ayyukan Amurka suna cikin babban haɗari. A 2016 wasu masu bincike na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, suka sake awon ta hanyar duba ayyukan da ke cikin kowace sana'a, suka samu kashi 9 a ƙasashe 21. A shekarar ce kuma Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen ƙirƙirarriyar basira (AI, wato fasahar da ke sa na'ura ta kwaikwayi tunanin ɗan Adam), ya ce a daina horar da likitocin da ke karanta hoton asibiti, na'ura za ta fi su cikin 'yan shekaru. Har yau ana neman waɗannan likitoci ruwa a jallo, da yawansu kuma da na'urar suke aiki. Rahoton Dandalin Tattalin Arzikin Duniya na 2025 ya yi hasashen samuwar ayyuka miliyan 170 da salwantar miliyan 92 kafin 2030. Hasashe ne da aka gina a kan ra'ayin masu kamfanoni, kuma a haka ya kamata a karanta shi.

A Arewacin Najeriya

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan batun ma'aikacin ofis na Turai ake nufi, mai takardar ɗauka da fansho. A Najeriya sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki ba su da irin wannan takarda, kuma abin da ya fi karya sana'a a nan ba na'ura ba ne. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957, da sauran masaƙun Kakuri, da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar sumoga ne suka durƙusar da su. Dubban mutanen da suka ƙware a kan inji guda suka fito babu wani wurin da ke neman wannan ƙwarewa, wasu ma ko haƙƙinsu na sallama ba su samu ba. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa saboda tsaro. Wanda yake da ɗan tari ko ubangidan da zai tsaya masa ya karɓi A Daidaita Sahu yana biyan balas, wanda ba shi da ko ɗaya ya koma ƙauye ko wata jiha.

Zuwan wayar salula a 2001 ya nuna yadda sana'a ke haihuwa ta kuma mutu cikin shekaru kaɗan. An yi zamanin da kowane lungu akwai tebur da lema da waya guda, ana buga kira ana biya da minti. Da waya ta yi arha kowa ya mallaki tasa, sana'ar ta ɓace. Masu ido a cikinsu suka koma sayar da kati, daga nan caji da tura waƙoƙi da finafinai, wasu suka shiga gyaran waya a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano, wasu kuma yau su ne ke riƙe da na'urar POS, wadda ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara wa kasuwa. Lemar ba ta canza ba, wurin zaman ma sau da yawa shi ne. Jarin da suka riƙa ɗauka daga wannan sana'a zuwa waccan shi ne mutanen unguwa sun san su, sun yarda su miƙa musu kuɗi.

A garejin kanikawa ma ana gani. Bakaniken da ya tashi a kan kafireta yana gane ciwon mota da kunne. Motocin yanzu kuwa sai an jona musu na'urar gwaji ta nuna lambar matsala a allo. Yaron da ya iya karanta lambar amma bai san inji ba zai sa mai mota ya sayi kayan da ba su lalace ba. Ogan da ya ƙi na'urar kuma zai zauna yana kallon sababbin motoci suna wuce ƙofarsa. Wanda ya haɗa biyun shi ake bin layi a wurinsa.

Yadda ake tanadin

Matakin farko shi ne mutum ya zauna ya rarrabe aikinsa: wane ɓangare ne yake yi iri ɗaya kullum ba tare da tunani ba, wane ne kuma ake zuwa wurinsa takanas dominsa? Na farkon shi ne zai fara tafiya. Daga nan sai koyon na'urar da ke barazanar tun tana sabuwa, domin wanda ya san sana'a shi ya fi iya gane inda na'ura ta yi kuskure. Matsawa zuwa sana'ar da ke kusa ya fi tsalle zuwa wadda ba a sani ba sauƙi da tabbas: tela ya koyi injin surfani mai kwamfuta, mai wayarin ya koyi haɗa sola. Karatu da rubutu da lissafi masu ƙarfi su ne ke sa duk wannan ya yiwu, shi ya sa yaron da aka cire daga makaranta aka kai shi shago an rage masa hanyar juyawa nan gaba. Takardar shaida tana da amfani wajen wanda bai san mutum ba, amma tara satifiket na kwasa-kwasan intanet ba tare da aikin da za a nuna ba bai cika kai kowa ko'ina ba.

Rawar hukuma

Wasu ƙasashe sun ɗauki wani kaso na nauyin. Singafo ta ƙaddamar da shirin SkillsFuture a 2015, ta ba kowane ɗan ƙasa mai shekara 25 zuwa sama dalar ƙasar 500 don biyan kuɗin horo, a 2024 kuma ta ƙara 4,000 ga masu shekara 40 zuwa sama. Faransa tana da asusun horo da ke bin ma'aikaci duk inda ya koma, wanda tun 2019 ake zuba wa mafi yawan ma'aikata yuro 500 a shekara. Denmak ta sauƙaƙa sallamar ma'aikaci, amma ta haɗa da alawus mai kauri na wani ƙayyadadden lokaci da horo yayin da yake neman wani aikin. A Najeriya akwai asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, da hukumar samar da ayyukan yi ta NDE ta tsakiyar shekarun 1980, da shirin 3MTT na 2023 mai burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha. Duk da haka, mafi yawan masu sana'a a shagon oga suke koyo har a yaye su.

Suka

Babbar sukar da ake yi wa wannan tunani ita ce yana ɗora wa mutum ɗaya laifin abin da ya fi ƙarfinsa. Mai fita tun asuba ya dawo bayan isha ba shi da lokacin kwas, macen da ke aiki tana kuma riƙe da gida haka, ga kuɗin data da rashin wuta. Sukar tana da hujja. Binciken Louis Jacobson da Robert LaLonde da Daniel Sullivan na 1993 a jihar Pennsylvania ya gano cewa daɗaɗɗun ma'aikatan da aka sallama lokacin da kamfanoninsu suka yi babban ragi, shekaru bayan haka abin da suke samu ya gaza na da da kusan kashi 25 cikin ɗari, ko da sun sami wani aikin. Shawarar kanta tana tsufa: an shafe shekaru ana ce wa matasa su koyi rubuta manhaja, yanzu kuma rubuta manhaja mai sauƙi yana cikin abin da ƙirƙirarriyar basira ta fi ƙwarewa a kai. Saboda haka ƙungiyoyin ƙwadago suke neman a sa horo cikin lokacin aiki da kuɗin mai kamfani, a ba da sanarwa da wuri kafin a kawo sabuwar na'ura, a kuma biya haƙƙin wanda aka sallama a kan lokaci.